Fedalina kore: inda aiki ya kai bayan mako shida

Ƴan uwa masu koyo, sallama gare ku daga Damagaram. Yau mako shida ke nan da na fara buɗe cikin fedalin gitar ɗina, wato ɗan akwatin nan da ake takawa da ƙafa don sauya muryar gitar lantarki, kuma na ga gara in rubuta abin da na yi tun ban manta jerin yadda ya gudana ba.

Fedalin kore ne, babu sunan kamfani a jikinsa, wani abokina ya taho mini da shi daga Kano. Da na bi layukan allon ciki da ido da fensir, sai na gane kwaikwayon fedalin da ake kira Tube Screamer ne, wanda kamfanin Ibanez ya fitar da sunan TS808 a 1979: ƙwaƙwalwa mai ƙafa takwas 4558, wato ɗan abin da ke kumbura sauti, da diyod biyu na siliko, ƴan ƙofofin da ke barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai, suna kallon gaba da baya. Kaushin murya, wanda shi ne aikin irin wannan fedali, yana da shi. Damuwata ita ce wurin biki. A ɗaki muryarsa da daɗi, amma da an kafa ampili, akwatin ƙara sauti, a fili, masu ganga da kalangu sun fara, sai gitar ta nutse, ka ga yatsu na gudu kunne bai ji komai ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada a Birni ana busa algaita ya san muryar da nake nema. Ganguna nawa ne ba sa danne ta, tana ratsa su ta iso kunnenka a tsaye. Ita nake so gitar ta yi kama da ita, ko da kaɗan.

Makon farko ban taɓa dalma ba. Na zauna wurin wani dattijo mai gyaran rediyo kusa da Kasuwar Dole, na nuna masa allon. Bai taɓa riƙe gitar ba, amma 4558 ya san ta kamar yunwar cikinsa, domin tsofaffin rediyo masu kaset cike suke da ita. Na ce, "Baba, ina kaushin yake fitowa?" Ya ɗora tsinke a kan diyod biyun nan ya ce, "Yaro, ga wanzamanka." Bayaninsa shi ne ya buɗe mini kai. Sautin gitar yana shigowa kamar igiyar ruwa, ƙwaƙwalwa ta kumbura shi, a wannan tsarin daga ninki 12 har kusan 118 idan ka murɗe maɓallin kaushi duka. Su kuwa diyod, da igiyar ta kai tsayin da suke buɗewa, sai su aske mata kai. Askin nan shi kunne yake ji a matsayin kaushi. Siliko irin 1N4148 tana buɗewa wajen volt 0.6, jamaniyum wajen 0.3, jar fitilar LED kuwa sai ta kai kusan 1.7. Wanda ya buɗe da wuri ya yi aski mai zurfi, murya ta matse ta yi ƙasa. Wanda ya jinkirta ya bar wa igiya tsayinta.

Akwai kuma batun inda aka dasa su. A irin nawa suna cikin hanyar da sauti ke komawa ƙwaƙwalwa, don haka askin mai laushi ne, gefensa a lanƙwashe. A wasu fedaloli kuwa, irin Boss DS-1 ta 1978 da ProCo RAT, bayan ƙwaƙwalwa suke, suna zubar da rarar a ƙasa, askin ƙwal, shi ya sa muryarsu ta fi zafi. Kafin ka ciro komai, duba wane iri ne a hannunka.

A mako na biyu na yi ɓarna, kuma ina so ku ji ta don kada ta same ku. Ƙarfen liƙina mai wat 40 ne, ba shi da abin rage zafi. Na daɗe da shi a kan ƙafar diyod ina jan ta da ƙarfi, sai zoben jan ƙarfe na allon ya ɗago ya biyo ta. Raina ya ɓaci sosai a daren nan, don fedali ɗaya gare ni. Washegari Baba ya kankare layin da reza har jan ƙarfe ya fito, ya haɗa shi da ɗan siririn waya. Ya koya mini in fara ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwa kafin in cire, in tsotse ta da saƙar waya ta tsohon kebul, kuma kada ƙarfe ya wuce ƙirga uku a wuri ɗaya. Tun ran nan na liƙa wayoyi biyu a gurbin diyod ɗin, na fito da su waje zuwa ɗan allon gwaji. Yanzu sai dai in cusa in zare, allon fedali yana hutawa.

Daga nan gwaji ya yi daɗi. Na kafa wa kaina doka: abu ɗaya nake canzawa a zama ɗaya, maɓallai uku suna inda na yi musu alama da farin fenti, kiɗa iri ɗaya nake yi, kuma ina ɗauka a waya daga taki biyar.

Jamaniyum na fara gwadawa saboda yabon da ake yi masa. Baba ya ciro mini 1N60 guda biyu daga matattun rediyo, masu jikin gilashi. Idan za ku liƙa irinsu, ku riƙe ƙafar da filaya tsakanin ƙarfe da gilashin, zafi yana kashe su nan da nan. Da asuba muryar ta yi taushi, ta yi ɗumi, ta burge ni. Amma ƙarfinta ya ragu ƙwarai, sai na kai maɓallin ƙarfi ƙarshe kafin ta kamo muryar gitar tsura. Da azahar kuma, ɗaki ya ɗau zafi a ƙarƙashin kwano, na sake kunnawa na ji kaushin ya saki, ba kamar na safe ba. Jamaniyum yana yoyon wuta ta baya, kuma yoyon yana ƙaruwa da zafi. Mu da muke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, kuma muke kiɗa a fili, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na nannaɗe su a takarda na ajiye. Ina ƙaunar muryarsu, amma ba zan kai wurin bikin mutane abin da safiyarsa dabam yammarsa dabam ba.

Siliko uku, biyu a gefe ɗaya ɗaya a ɗaya gefen, shi ne tsarin fedalin Boss SD-1. Ya ɗan ƙara ƙarfi, ya ƙara wani kauri mai daɗi idan ka buga igiya ɗaya. Na so shi.

Jar LED biyu kuwa su suka tsayar da ni. Ƙarfi ya tashi har sai da na rage ampili. Kaushin ya ragu, amma hannu ya samu iko: ka taɓa a hankali murya ta fito kusan wankakka, ka buga da ƙarfi ta yi gurnani. Irin kiɗan da muka koya daga ƴan uwanmu na Agadez, mai yawan bugun yatsa da jan igiya a hannun hagu, yana buƙatar wannan sararin, don kowane ƙaramin motsi yana fita. Na kashe fitilar ɗaki na ga LED ɗin suna ɗan ƙyaftawa duk lokacin da na buga da ƙarfi. Na daɗe ina kallonsu.

Sai kondansater, inda na yi kuskuren tunani. Kusa da ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan kaya biyu a jere, rezistans mai lamba 4.7k da kondansater mai lamba 47nF. Su biyun ke yanke hukuncin wane sauti za a kumbura sosai: daga wajen 720Hz (Hz ma'aunin kaifin sauti ne, ƙaramar lamba murya mai kauri) zuwa sama ana kumbura shi cikakke, abin da ke ƙasa ana rage masa. Igiyar gitar mafi kauri tana kan 82Hz, mafi siriri a sake tana kan 330Hz, ka ga ke nan gindin murya da gangan aka rage shi. Ni kuwa na ɗauka rashin gindin ne ke sa ganga ta danne ni. Na sa 100nF, iyakar ta sauko wajen 340Hz. A ɗaki ya cika kunne, na yi murna. Ranar Asabar muka yi gwaji da mai ganga da mai bas a tsakar gida a Zango, sai ga gitar ta dagule kamar kunun da ya kwana, ta shiga hurumin bas, kuma ƙaramin lasifikar ampilina ya kama rawar jiki. Ashe ramar da nake ƙorafi a kanta ita ke ba gitar wurin tsayawa. Algaita ma ba gindi gare ta ba, tsakiya ce da kaifi. Na koma 68nF, wajen 500Hz, kuma nan na tsaya. Da LED da 68nF, mai ganga da kansa ya ɗago kai ya ce, "Yau dai na ji ka."

Canjin ƙwaƙwalwa ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Na sa mazaunin da ake cusa ƙwaƙwalwa a zare, na gwada wata mai suna TL072, na saurari abin da na ɗauka sau da yawa, bambancin bai kai a kashe masa kuɗi ba.

Wuta kuwa ku kiyaye. Yawancin fedaloli volt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin cajarsu mai alamar ragi (−) ce. Cajojin da ke yawo a gidajenmu, na dikoda da makamantansu, galibi tsakiyarsu mai alamar ƙari (+) ce, wasu ma volt 12. Ku auna da mita kafin ku cusa. Wurin biki da janareto ni batir nake sawa, don ƙugin wuta yana biyo caja, fedalin kaushi kuma yana kumbura ƙugin tare da kiɗan.

Abin da ke gabana yanzu shi ne makunni mai zama uku, wanda tsakiyarsa a kashe take. LED za su zauna a liƙe dindindin. Idan na tura sama, siliko biyu su shigo kusa da su, idan na tura ƙasa, siliko uku. Tunda wanda ke buɗewa a ƙaramin volt shi ke riga aski, LED za su yi shiru da kansu duk lokacin da siliko ta shigo. Makunnin yana hannu, saura huda murfin, kuma wurin da ya rage tsakanin maɓallai ƙanƙane ne, dole in auna shi sau biyu. Maɓallin ƙarfi ma ya fara ƙarar yashi tun ƙurar hunturun da ya wuce, zan wanke shi tunda murfi zai buɗe.

Wanda a cikinku ya taɓa gwada koriyar LED, ko ya haɗa ja ɗaya da siliko ɗaya, ina so in ji yadda ta kasance masa a fili, tare da ganga. Akwai bikin da aka gayyace mu nan da mako biyu, a can zan gwada makunnin.