Asabar a Birnin Kebbi: yinin da na yi ina naɗe lokaci

Yau na fita tun bayan sallar asuba da waya da sandar kyamara mai ƙafa uku, domin in sake gwada irin bidiyon nan da ake naɗe lokaci a cikinsa, inda ake ɗaukar hoto ɗaya-ɗaya a tazara sannan a jera su su gudana da sauri. Wanda na yi makon jiya bai yi kyau ba, saboda haske ya riƙa tsalle a cikinsa kamar ana kunna fitila ana kashewa, kuma sai daga baya na gane cewa wayar ce take sauya ma'aunin haske da kanta duk lokacin da farar mota ta gifta ko gajimare ya rufe rana.

Saboda haka, da na kafa sandar a gefen titin da ya nufi babbar kasuwa, abin da na fara yi shi ne danna yatsa a kan fuskar wayar na riƙe har alamar kulle ta fito, wato haske da saitin gani sun tsaya wuri guda. Na kuma rufe layin kira, domin kira ɗaya ya isa ya girgiza wayar ya ɓata aikin. Na sa tazarar sakan 2 tsakanin hoto da hoto, tunda 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep suna da sauri, kuma idan tazarar ta yi tsawo sai su riƙa bayyana suna ɓacewa ba tare da an ga tafiyarsu ba. Minti 20 sun ba ni hotuna 600, waɗanda idan aka gudanar da 25 a kowane sakan za su zama bidiyon sakan 24 kacal. Wannan lissafi shi ne ya fi ba ƙanena mamaki, wanda ya raka ni yana riƙe da fawa bank.

Da rana ban yi komai ba sai goge idon kyamara da cajin waya.

Aikin da na fi sa rai a kansa shi ne na yamma, a Dukku, inda gari yake gangarawa zuwa fadama, shinkafa kuma ta yi kore shar har iyakar gani. A wurin na tarar da wani dattijo yana gyaran kwalekwalensa, na gaishe shi na ce, "Baba, ina so in ɗauki kogi da gajimare, kuma kai ma za ka fito a ciki, in ka yarda." Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ɗauki abinka, sai dai ka kula, akwai hadari a gabas." Ina ganin neman izinin nan wajibi ne, domin mutum ba itace ba ne da za a kafa masa kyamara na awa guda ba a tambaye shi ba.

Gajimare ba ya gaggawa kamar babur, don haka na mai da tazarar sakan 5, wanda a awa guda zai ba da hotuna 720, kusan sakan 29 na kallo. Na tura ƙafafun sandar cikin ƙasa mai danshi, na rataya jaka da dutse a ciki a tsakiyarta domin iska. A nan ne na daɗe ina shawara da kaina, domin idan na kulle haske tun rana tana sama, ƙarshen bidiyon zai yi duhu, idan kuma na bar wayar ta daidaita da kanta, za ta haskaka almuru ya zama kamar hantsi. Na zaɓi kullewa, na ɗan rage hasken yadda sararin sama ba zai ƙone ya yi fari ba, saboda duhun da ke sauka a kan fadama shi ne abin da na zo nema.

Iskar hadarin ta iso kafin awar ta cika, muka naɗe kaya muka nufi masallaci ana kiran magariba. Bayan isha na tsaya wajen mai shayin unguwarmu na ɗauki ɗan bidiyo na yau da kullum, kuma da na ga layuka suna yawo a hoton ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai na sauya daga hoto 30 zuwa 25 a sakan, domin wutarmu tana kaɗawa sau 50 a sakan, ta Amurka kuwa 60, wayoyi da yawa kuma da saitin 30 suke zuwa, wanda ya dace da 60, yayin da 25 ya dace da 50. Layukan suka ɓace.

Yanzu na kalli na Dukku sau huɗu. Gajimare yana kwarara zuwa yamma kamar ruwan kogin, inuwarsa tana share shinkafar, kwalekwalen Baba kuma ya tsaya cik a gefe yayin da shi kansa yake kai da kawo. Akwai ɗan girgiza a sakan biyu na ƙarshe, lokacin da iska ta taso, wanda zan yanke gobe kafin in koma in nuna masa.