Ba kowane gigi ne na tsufa ba

Mahaifina ya yi sama da shekara talatin yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, ban taɓa ganin ya ɗauki kalkuleta ba. Kafin mai saye ya gama faɗin turmi nawa yake so, Baba ya haɗa kuɗin a ka, har ya cire ragi. Shi ya sa ranar da yaron shagonsa ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, jiya fa Alhaji sau biyu ya ba mutum ɗaya canji," dariya kawai na yi, na ce tsufa ne ya fara sallama. Shekararsa 68 a lokacin.

Ƙannena, wannan dariyar ba ita ce wautata ta farko ba. Shekara biyu kafin nan an auna shi aka ce yana da hawan jini, aka rubuta masa ƙwaya ɗaya kullum. Ya sha wata uku, ya ce ya ji garau, ya ajiye. Ni da nake sayo maganin a kemis, wallahi har daɗi na ji an rage min hidima. Na ɗauka hawan jini kamar zazzaɓi ne, a sha magani a huta. Ashe sau da yawa ko ciwo ba ya sa wa, sai dai ya yi ta cin jijiyoyi a ɓoye kamar gara a cikin azara.

Ƙwaƙwalwa da jini take rayuwa, kuma wasu jijiyoyin da ke kai mata shi ƙanana ne ƙwarai. Hawan jini da ciwon sukari da taba da yawan kitse a jini suna sa su yi kauri su tsuke, wata ma ta toshe. Duk gurbin da jini ya daina isa, sai ya mutu. In babbar jijiya ce, shi ne shanyewar ɓarin jiki da kowa ya sani. In ƙanana ne, sai su yi ta toshewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya lura, har ɓarnar ta taru ta taɓa hankali. Wannan shi ne gigin da ke zuwa ta hanyar jijiyoyin jini, kuma in aka cire cutar Alzhaima, wadda ke lalata ƙwaƙwalwa a hankali tana jawo mantuwa, babu abin da ya fi shi jawo gigi ga tsofaffi. Wasu ma biyun ne ke haɗe musu.

Abin da ya fi tsaya min a rai wata safiya ce. Baba na zaune a kan buzunsa bayan asuba, kofin koko a hannun dama, sai kofin ya suɓuce. Ya so ya ce a kawo tsumma, maganar ta fito a cakuɗe, gefen bakinsa ya ɗan karkace. Hajiya ta yi masa tofi, aka shafa masa man zafi. Kafin rabin awa ya dawo daidai, har yana yi mana tsiyar mun cika tsoro. Na ɗauki babur na tafi aiki. Wannan ranar ce ya kamata a ce mun kwana a asibiti. Karkacewar baki, ko mutuwar hannu, ko sarƙewar harshe, ko da sun wuce cikin minti biyar, gargaɗi ne cewa shanyewar ɓarin jiki na iya biyowa. In kuma ba su wuce ba, maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar sai a 'yan awannin farko yake aiki, wajen awa huɗu da rabi, shi ma sai an ɗauki hoton kai tukuna.

Abin da ya ruɗe mu shi ne Baba bai manta da mu ba. Ya san sunan kowane jika, yana ba da labarin aikin Hajjinsa tiryan-tiryan. Tunaninsa ne ya yi nauyi. Ka tambaye shi abu, sai ya yi shiru har ka zaci bai ji ba. Zai fara alwala ya wanke fuska, ya tsaya da buta a hannu yana neman abin da ke biye. Tafiyarsa ta koma taku gajere-gajere yana jan ƙafa, fitsari ya riƙa matsa masa ba shiri, kuma mutumin da ban taɓa ganin hawayensa ba sai ga shi yana kuka don an ce abinci bai nuna ba. Abin kuma ba a hankali yake gangarawa ba, kamar matattakala yake: ya yi wata huɗu yadda yake, dare ɗaya ya sauka mataki guda, ya sake tsayawa.

Wannan saukar ta dare ɗaya ce ta sa dangi suka ce jifa ne. Aka fara kallon amaryarsa. Ban ce ita ce ba, amma ban hana ba, kuma har yau in na gaishe ta kunya nake ji. Mun yi kusan shekara muna yawon karɓar magani da turare. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi masa. Laifina shi ne na bar ta ta zama dalilin ƙin zuwa asibiti.

Da muka je daga ƙarshe, likita ya ɗora hoton ƙwaƙwalwar a allo ya nuna min tabo-tabo. Ya ce abin da ya mutu ba ya dawowa, aikinmu yanzu tsare abin da ya rage: magani kullum ba fashi, awon jini da na sukari a kai a kai, rage gishiri da dunƙulen miya, tattaki gwargwadon hali. Ya kuma ce duk ranar da ruɗewa ta ƙaru farat ɗaya a kawo shi a ranar, domin yana iya zama wata toshewar, ko ciwon mafitsara, ko zazzaɓi, waɗanda ake iya magancewa.

Ko a jinyar ma na yi ɓarna. Na ƙwace makullin shago rana ɗaya, Baba ya yi sati ba ya kula ni. Na riƙa yi masa jarrabawa, "Baba, yau wace rana?", ina gani ina taimakonsa, alhali tozarta shi nake. Ƙanwata ce ta fi ni dabara. Magana ɗaya take faɗa masa a lokaci ɗaya, ta jira amsa komai daɗewa. Ba ta cewa "Me za ka ci?", sai ta ce "Baba, tuwo ko shinkafa?" In zai yi alwala sai ta ɗauki tata butar ta yi a gefensa, yana kallo yana bi, ba tare da an ce masa ya yi kuskure ba.

Ku da iyayenku ke da sauran ƙarfi, ku sayi na'urar awon jini ku ajiye a gida, ku sami littafi kuna rubuta abin da ta nuna. In tana yawan kai 140 bisa 90 ko sama, a ga likita, kada kuma a daina magani don an ji sauƙi. Ku ma ku miƙa hannu, domin ɓarnar tun a tsakiyar shekaru take farawa. Ni da na auna nawa ina da shekara 41, na tarar ya hau.

Yanzu duk Asabar nakan zo wa Baba da turmi biyu ko uku daga shago. Lissafi ya tafi, amma in ya murza yadi tsakanin yatsunsa zai gaya maka ko mai kyau ne, ya ninke shi tsaf, ya miƙo min ya ce in kula kada yaran nan su sayar da shi a faɗuwa.