Agogon soja: abin da ake nema a jikinsa, da abin da ke kashe shi a Kano

A wajenmu masu gyara da sayar da agogo a Sabon Gari, duk agogon da ya zo baƙi mai kauri sai mai saye ya ce na soja ne. Su kuwa masu kaki abin da suka nema tun asali shi ne a karanta lokaci da kallo ɗaya ko cikin duhu, a saita shi daidai da na abokan aiki har sakan, kuma kada ya bar hannu.

Saitin nan shi ya sa idan ka ja maɓallin gefe, hannun sakan yake tsayawa cak. Kowa ya tsayar da nasa a kan 12, a ba da umarni, a danna tare. Matuƙan jirgi kuma da lokacin GMT suke aiki, wanda suke kira Zulu. Kano tana gaba da awa ɗaya, wato ƙarfe 1 na rana a nan 12:00 ne a wurinsu, don haka agogonsu kan zo da hannu na huɗu mai zagaye ɗaya a awa 24. Agogon Mark 11 da kamfanin IWC na Switzerland ya ƙera wa sojan saman Ingila a 1948 an rufe injinsa cikin kwanson ƙarfe saboda maganaɗisun na'urorin jirgi. A nan lasifikar waya ce ke yin wannan ɓarnar: agogo mai inji da ake yi wa wani ya riƙa gudu da mintuna a rana. Kada a bari kowa ya buɗe shi, na'urar cire maganaɗisu ke gyara shi cikin sakanni.

Igiyar lailon da ake kira NATO daga sojan Ingila ta fito a 1973. Tana bi ta ƙarƙashin 'yan sanduna biyu da ke riƙe igiya a jikin agogo, ko ɗaya ta ɓalle agogon yana rataye. A auna faɗi kafin saye: milimita 18, 20 ko 22.

Agogo mai alamar H3 hasken sinadarin tiritiyom gare shi, ba ya caji da rana. Rabin hasken yana tafiya duk shekara 12 da ɗoriya, saboda haka na gwanjo mai shekara 25 kusan kwata ya rage masa.

Dakaru na musamman da yawa G-Shock suke ɗaurawa, wanda Casio ta fitar a 1983, kuma shi ya fi zuwa teburinmu. Duka ba ya kashe shi, canjin batir na gaggawa ne ajalinsa. Samfuransa DW-5600E da DW-6900 batir CR2016 suke ci. A kwance sukuru huɗu, a ɗaga murfi a hankali, domin akwai ɗan sifirin da bai kai ƙwayar shinkafa ba wanda ke taɓa murfin. Ya faɗi, ƙararrawa ta yi shiru ke nan. Bayan sa batir, a haɗa ramin da aka rubuta AC da bayan batirin da hantsakin ƙarfe na sakan biyu, in ba haka ba fuska ta fito fayau ko da rabin lambobi.

Sai robar murfi mai hana ruwa shiga, inda akasari ake yin ganganci. A cire ta, a goge, a shafa man silikon kaɗan, a zaunar da ita cikin raminta, a ɗaure sukuru a gicciye. Da hunturu ƙwayar ƙura ɗaya a kan robar nan ta isa. Jure ruwa na mita 200 da aka rubuta a jikin agogon ya tashi aiki, mai shi ba zai sani ba sai alwala ko damina ta sa gilashi ya yi gumi daga ciki.

Robar jiki kuma turare, fetur da ajiya a gaban mota cikin zafin Afrilu ke busar da ita har ta farfashe. Jabu ya cika kasuwa: a duba lambar inji da ke cikin ɗan akwati a murfin baya, 3229 ko 1545 ga DW-5600E, a danna maɓallan huɗu a ga kowanne yana aikinsa kafin a biya kuɗi.