Ranar da manhaja ta riga ni gano abin da na yi shekara uku ina nema

Shekara uku na kwashe ina neman siffar furotin guda ɗaya. Wanda bai taɓa aikin ba da wuya ya san irin haƙurin da yake ci. Ka tace furotin, ka ɗiga shi cikin ruwan sinadarai iri-iri, ka zauna jiran ya daskare kamar ƙwayar gishiri don a haska shi a ga tsarinsa. Mako ya shuɗe, wata ya shuɗe, ka leƙa madubin ƙara girma ka tarar babu komai. Ina cikin wannan hali, a ƙarshen 2020, labari ya zo cewa manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta yi wa kowa fintinkau a gasar hasashen siffar furotin. A 2022 aka saki hasashen siffofi sama da miliyan 200 kyauta. Na shigar da sunan nawa furotin, sai ga shi a fuskar kwamfuta kafin in gyara zama. Ranar ban yi barcin kirki ba.

Washegari na je wurin wata babbar malama a sashenmu, na ce, "Malama, aikina ya tashi a banza." Ta dube ni ta ce, "Ɗana, tun farko me ya kai ka neman siffar?" Sai na yi shiru, don na manta. Abin da ya kai ni shi ne in fahimci yadda ɗan sauyi a furotin ɗin yake sa magani ya daina kashe ƙwayar cuta. Wannan tambayar tana nan daram, manhaja ba ta amsa ta ba. Hasashe ya nuna mini inda zan duba, amma sai da na koma ɗakin gwaji, da hannun nan da ya ƙware wajen tacewa, kafin na ga abin da ke faruwa idan magani ya haɗu da furotin. Ashe dabarar aiki na riƙe kamar ita ce sana'ata, na saki tambayar. Duk matashin da ya zo mini yanzu yana cewa shi gwanin na'ura kaza ne, nakan tambaye shi abin da yake son ya sani wanda har yau ba a sani ba. Na'ura tana tsufa da wuri, tambaya mai kyau kuwa takan ciyar da mutum shekara ashirin.

Sai batun ƙirgen maƙalu, wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ma'aunin tasirin mujalla da muke bi ido rufe, wato ƙirgen yawan yadda ake ambaton maƙalunta a wasu maƙalu, Eugene Garfield ne ya kawo shi, kuma auna mujallu aka yi shi ya yi, ba mutane ba. Tun 2012 wasu masana da editoci suka haɗu a San Faransisko suka tsara sanarwar DORA, suna kira da a daina auna mai bincike da sunan mujallar da ya buga. Ba zan ɓoye muku ba, har gobe akwai kwamitocin ƙarin girma da ke ƙirge. Ku buga, amma ku guji mujallun bogi da ke karɓar kuɗi su wallafa komai cikin kwana uku, tabonsu ba ya fita. Kuma ku saba da sakin aiki tun kafin bitar masana. Masana fiziks suna yi a shafin intanet na arXiv tun 1991, mu masu nazarin halittu muka samu namu shafin, bioRxiv, a 2013.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo nawa ne ni kaɗai. Na taɓa rasa aikin wata biyar saboda ban rubuta wane samfuri ne a wace kwalba ba, na dogara da ƙwaƙwalwata. A 2015 aka wallafa sakamakon maimaita gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, waɗanda suka sake ba da sakamako mai ƙarfi ba su kai rabi ba. Tun daga nan nake rubuta littafin gwajina kamar baƙo ne zai karanta, har gwajin da bai yi ba nakan rubuta. Haka ma manhajojin da ke rubutu, suna taimako, amma sukan ƙirƙiri maƙalar da babu ita, kuma sunanka ne a kan takardar.

Ana yawan ba matasa labarin Katalin Karikó, masaniyar kimiyyar da aka rage wa matsayi a jami'a a 1995 bayan ta yi ta neman tallafin bincike ba ta samu ba, ta ci gaba da aikin mRNA, wato sinadarin da ke ɗauke da umarnin ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta, har ita da Drew Weissman suka karɓi kyautar Nobel a 2023. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a 2013 ta koma aiki da kamfanin BioNTech. Kujerun dindindin a jami'o'i ba su kai yawan masu digirin digirgir ba, kuma yawancin waɗanda muka fara tare yanzu suna kamfanoni, hukumomin lafiya ko aikin tantance bayanai. Ɗaya daga cikinsu, da na yi baƙin cikin tafiyarsa, shi ya gyara mini lissafin maƙalar furotin ɗin nan kafin in tura ta.