Wata na huɗu da littafin awon Tampa Bay: na goge rabin abin da na rubuta

'Yan uwa abokan koyo, ina muku sallama. Wata huɗu ke nan da na buɗe littafin da nake auna yadda ƙungiyoyin gasar hokin ƙanƙara ta NHL a Arewacin Amurka suke zaɓen matasa da yadda suke rainonsu. Ga inda na kai, da kuma kuskuren da ya sa na koma baya.

Ga sababbin shiga cikinmu, musamman mu da muka taso da ƙwallon ƙafa inda mai kuɗi ke sayen yaron da ransa ya so: a can tsarin daban ne. Galibi a ƙarshen watan Yuni ƙungiyoyi 32 suna zama su ɗauki yara masu shekara 18 zuwa sama, bi da bi, zagaye bakwai. Wanda ya fi shan kashi a kakar da ta wuce shi ya fi samun damar ɗauka da wuri, sai dai akwai ƙuri'a da ake jefawa a kan lambobin farko. Tun 2005 kuma aka ƙayyade abin da kowace ƙungiya za ta kashe a albashi, don haka yaro gwani mai araha ya zama zinariya.

Na ɗauki Tampa Bay Lightning daga 2010 zuwa 2015, farkon zamanin Steve Yzerman a kujerar babban manaja. Dalilina bai wuce cewa sun ci Kofin Stanley, babban kofin gasar, a 2020 da 2021 ba, kuma kowa yana cewa gida suka gina da hannunsu. Ina so in gani da idona.

Awona na farko mai sauƙi ne. Na jera sunayen da suka ɗauka a zagayen farko, na ce duk wanda ya buga musu wasa 200 ya ci jarrabawa, wanda bai kai ba ya faɗi. Abin da ya fito ya ba ni mamaki. Brett Connolly, lamba 6 a 2010, bai zauna ba, an tura shi Boston a 2015. Slater Koekkoek, lamba 10 a 2012, bai taɓa samun gindin zama a cikin 'yan baya ba. Jonathan Drouin, lamba 3 a 2013, an ɗauke shi an bar Seth Jones ga Nashville, daga baya Drouin ya nemi a tura shi wata ƙungiya, har aka dakatar da shi a 2016. Anthony DeAngelo, lamba 19 a 2014, ko wasa ɗaya bai buga musu a NHL ba. Sai Vladislav Namestnikov, lamba 27 a 2011, da Andrei Vasilevskiy, mai tsaron raga, lamba 19 a 2012, su ne suka wanke su. Na rufe littafin a daren nan ina cewa ashe yabon da ake yi wa mutanen nan ya fi ƙarfinsu.

Kuskurena biyu ne, kuma sai da na yi mako uku kafin na gano su.

Na farko, na tsaya a zagayen farko. Da na gangara ƙasa sai labari ya sauya. Nikita Kucherov, lamba 58 a 2011. Ondrej Palat, lamba 208 a wannan shekarar, saura ƙiris a watse taron ba a kira sunansa ba, kuma shekaru biyu da suka gabata babu wanda ya kalle shi. Brayden Point, lamba 79 a 2014. Anthony Cirelli, lamba 72 a 2015. Ga Tyler Johnson da Yanni Gourde, waɗanda ba a ma zaɓe su ba sam, hannu kawai aka sa musu a takarda. Waɗannan su ne ƙashin bayan 'yan gaban da suka ɗaga kofi sau biyu. Kucherov ya tara maki 128 a kakar 2018-19 (a wannan wasa ci da taimakon ci duk maki ɗaya-ɗaya ne), aka ba shi kyautar gwarzon gasa.

To a nan ne fa na zauna na daɗe, don akwai tarko. Da na ga waɗannan sunaye sai na so in juya in ce masu farautar yaran Tampa bokaye ne. Amma ku tambayi kanku: in da sun san abin da Kucherov zai zama, za su ɗauki Vladislav Namestnikov a lamba 27 su bar shi yana yawo har lamba 58? In da sun san Point, za su fara ɗaukar 'yan baya uku kafin shi? Gaskiya ne sun ba Minnesota zaɓen zagaye na bakwai don su matsa daga 80 zuwa 79 su kama shi, wannan ya nuna suna sonsa. Amma so na lamba 79 ne, ba so na lamba 19 ba. Sa'a ta fi sammako, kuma duk wanda zai yi wannan aiki namu dole ya bar mata gurbi a littafinsa.

Abin da zan iya ba su a matsayin ƙwarewa shi ne irin cacar da suke yi. Kucherov ya gangaro ƙasa ne saboda ƙungiyoyi da yawa a lokacin suna tsoron yaran Rasha, kada a ɗauke su su zauna a gasar KHL ta ƙasarsu su ƙi zuwa. Point kuwa an ce gajere ne, kuma gudunsa a kan ƙanƙara bai kai ba. Johnson da Gourde su ma ƙananan jiki ne. Wato Tampa ta riƙa tsintar yaran da ke da basira da hannu, amma suna da aibi guda da ya sa kasuwa ta karya musu farashi. In ka yi haka sau goma, biyu suka fito, ka ci riba. Wannan tsari ne, ana iya ganinsa, ana iya auna shi.

Sai raino, wanda shi ne abin da ya sa na sake zana littafin gaba ɗaya. A dā shafi ɗaya nake da shi, zaɓe da raino a cakuɗe. Yanzu na raba su. Point ya koma ƙungiyarsa ta matasa, Moose Jaw, ya ƙara shekara biyu, kuma ya yi aiki da Barb Underhill, tsohuwar zakarar duniya ta 1984 a wasan rawar ƙanƙara ta mutum bibbiyu, wadda ta gyara masa taku. Yaron da aka ce ba ya gudu ya zama cikin masu sauri, ya ci 14 a wasannin neman kofi na 2020, ya sake cin 14 a 2021. Palat da Johnson sun dahu ne a ƙaramar gasa ta AHL, a Norfolk, ƙungiyar rainon Tampa a lokacin, ƙarƙashin koci Jon Cooper, inda suka ci wasa 28 a jere suka ɗauki Kofin Calder a 2012. A Maris na 2013 aka ɗaga Cooper ya zama kocin babbar ƙungiya, ya tarar da yaran da ya sani, su ma sun san abin da yake so. Kucherov kansa sai da ya fara kakar 2013-14 a Syracuse, ita ma a AHL, kafin a kira shi sama.

Don in gwada ko sabon shafin nan yana da amfani, na ajiye Nail Yakupov na Edmonton a gefe. Lamba 1 a 2012, ya ci 17 a kakarsa ta farko mai wasa 48, sannan ya yi aƙalla koci huɗu a shekara huɗu: Krueger, Eakins, Nelson, McLellan. A 2018 ya koma Rasha. Laifin zaɓe ne ko na raino? Kusan kowa a lokacin shi ya sa a gaba, don haka ban zargi masu farauta sosai ba. Na ba shafin raino mummunan maki, amma da fensir na rubuta. Ba ni da hanyar sanin abin da zai zama a wani gida.

Kuskurena na biyu: na ɗauka yaron da bai zauna ba asara ce. Ba haka ba ne. Drouin ya tafi Montreal a Yunin 2017, Mikhail Sergachev ya zo. Koekkoek ya tafi Chicago a 2019, Jan Rutta ya zo. DeAngelo ya koma zaɓen zagaye na biyu daga Arizona, aka ɗauki Libor Hajek da shi, shi kuma Hajek da Namestnikov suna cikin kayan da aka ba New York Rangers a Fabrairun 2018 aka karɓo Ryan McDonagh da J.T. Miller. Sergachev, Rutta, McDonagh: rabin 'yan bayan da suka ci kofi biyun nan daga "asarar" da na rubuta suka fito. Na ƙara shafi na uku, na sa masa suna "me ya koma?". A ganina saurin gane cewa yaro ba zai yi ba, a sayar da shi tun farashinsa bai faɗi ba, shi ma gwaninta ce, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Wani abu kaɗan kafin in manta. Steven Stamkos, lamba 1 a 2008, da Victor Hedman, lamba 2 a 2009, ban ba kowa maki a kansu ba. Ladan shan kashi ne, kuma kafin zuwan Yzerman ne.

Inda nake da rauni har yanzu shi ne kallo. Yawancin wasannin gabashin Amurka suna farawa wajen ƙarfe ɗaya na dare agogonmu, ga aiki da safe, don haka taƙaitaccen bidiyo da alƙaluma nake bi. Ɗan gaba yana da sauƙi, maki suna faɗin wani abu. Ɗan baya kuwa, wanda aikinsa hana abu faruwa, ba ya fitowa a taƙaitawa. Cirelli ma, ko da yake ɗan gaba ne, sai da na kalli cikakken wasa biyu ina bin sa shi kaɗai da ido kafin na fahimci abin da ake yabo. In akwai wanda ya samo dabarar auna irin waɗannan, don Allah ya taimaka mini.

Na kuma daina taɓa zaɓen da bai cika shekara biyar ba, mai tsaron raga kuwa bakwai. Wata mai zuwa in Allah ya yarda zan ɗora shafukan nan uku a kan Dallas ta 2017, shekarar da suka ɗauki Miro Heiskanen a lamba 3, Jake Oettinger a 26 da Jason Robertson a 39. Wanda yake da hali a cikinku ya ɗauki Boston ta 2015, wadda ta samu lamba 13, 14 da 15 a jere ta bar Mathew Barzal, Kyle Connor da Thomas Chabot suka bi bayansu, sai mu haɗa littattafan mu gani.