Abin da Sassaƙa Alƙalamin Ɓallin Jirgin Yaƙi Ya Koya Mini

A shagon da na koyi sassaƙa alƙalami a Amurka, kayan da suka fi tsada su ne masu ɗauke da ɓallin ƙarfen tsohon jirgin saman yaƙi. Ɓallin bai kai farce ba. Ana liƙa shi a jikin bututun tagulla, a zuba masa ruwan roba mai haske, a sa a tukunyar matsin iska don kada kumfa ta ɓata shi. In ya daskare sai a ɗora a injin juyi a sassaƙa, a goge da samfefa har ya yi ƙyalli.

Hannu yakan saba da wannan da wuri. Ka dai bi a hankali, don zafin guga na dusashe robar, kuma in wuƙa ta taɓa ƙarfen, aiki ya lalace. Takunkumi dole ne wurin yanka ɓallin, saboda fentin tsofaffin jirage na da guba.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne gane cewa mai saye ba ƙarfe yake biya ba, asalinsa yake biya. Ɗauki SR-71 Blackbird na kamfanin Lockheed, wanda ya fara tashi a 1964: guda 32 kacal aka ƙera, yawancin jikinsa titaniyam ne, wanda ma Amurka ta sayo a ɓoye daga Tarayyar Sobiyet, ƙasar da aka yi jirgin don leƙen asirinta. To amma titaniyam ɗin Blackbird da na kasuwa, a ido duk ɗaya ne. Takardar shaida mai lambar jirgin ce kawai ke raba su.

Jirgin saman yaƙi na F-14 Tomcat ya fi sa ni taka-tsantsan. Bayan sojan ruwan Amurka sun ajiye shi a 2006, an daddatse da yawa daga cikin waɗanda aka jibge a sansanin Davis-Monthan da ke Arizona, don kada kayan gyaransu su kai Iran, wadda ta sayi irinsa tun zamanin Shah, tsohon sarkin ƙasar. Saboda haka duk dillalin da ya zo da ɓallin Tomcat da araha, nakan tambaye shi lambar jirgin da hannun da ya bi kafin ya iso gare shi. Wasu kan fito da takarda nan take. Wasu kuma sai kame-kame, su ce za su aiko daga baya, kuma irin waɗannan maigidana ba ya sayen kayansu ko da rabin kuɗi ne.