Littafin Bashin Kawu

Ina aji biyu na babbar sakandare, shekarata goma sha shida, Umma ta yanke cewa zaman majalisar da nake yi bayan La'asar ya isa haka. Ba ta nemi shawarata ba. Wata Juma'a kawai na ji tana ce wa ƙanenta a waya, "Ga ɗanka nan zan turo maka, ko shara ce ka ba shi ya riƙa yi." Haka na tsinci kaina a shagon Kawu, shagon kayan masarufi mai ƙofa ɗaya a bakin wani layi a Kurna, cikin Kano, wajen ƙarshen 2022. In an tashi makaranta in ci abinci in tafi, sai bayan Isha'i in dawo gida.

Da girman kaina na tafi. A ajinmu babu mai ja da ni a lissafi, a ganina kuwa tsaron shago bai wuce tarawa da ɗebewa ba. Ranar farko Kawu bai bar ni na taɓa ko naira ɗaya ba. Buhun sukari ya nuna mini, da damin leda, da wani ɗan gwangwani, ya ce in yi ƙulli. Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka wasa ne. Sai ka hura bakin ledar ta buɗe, ka zuba daidai, ka murɗa, ka ɗaure yadda ba za ta kwance a hannun yaro ba. Nawa ƙullin wani ƙato, wani kamar an yi masa rowa. Da aka zo kan man gyaɗa kuwa, rabin abin da na tsiyayo daga jarka a wandon makarantata ya ƙare.

Canji ya fi ba ni kunya, don a nan nake taƙama. Lissafi a takarda daban, lissafi da yara huɗu a kanka daban. Wannan yana cewa "Maggi na hamsin", wancan "wai in ji Mama a ba ta omo da ashana", wata ta miƙo ɗari biyar tana buga kanta da hannu, ga mai babur a waje yana ƙwala kiran a miƙo masa ruwan leda. Sau biyu a mako guda na ba mutum canjin dubu alhali ɗari biyar ya ba ni. Maganin da Kawu ya ba ni babu kalkuleta a ciki: kuɗin mutum ba ya shiga durowa sai ka damƙa masa canjinsa. Ka ajiye shi a kan kanta, ka danne da wani abu, kowa yana gani. In gardama ta tashi, ga shaida nan a fili. Yaron da aka aiko kuma, ka sa ya maimaita saƙon kafin ka ɗauko kaya, in ba haka ba yanzun nan zai dawo da buɗaɗɗiyar leda yana cewa "wai ba wannan ba".

Duk waɗannan hannu ne ke koyonsu, kuma cikin wata biyu hannuna ya faɗa. Abin da ya ƙi shiga kaina shi ne littafin bashi.

Littafin rubutu ne irin na 'yan makaranta, bangonsa ya sha mai har ya yi baƙi, yana zaune a ƙarƙashin durowa. Rabinsa da boko, rabi da ajami. Ba ka cika ganin cikakken sunan mutum a ciki ba, sai dai "gidan mai ɗinki", "Baba mai gadi", "Malamin firamare", "mai jan ƙofa". Na ɗauka rashin tsari ne irin na mutanen da. Wata rana na zauna na tara abin da ke ciki gaba ɗaya, na ga kuɗin da ke waje ya kusa kamo kayan da ke kan kanta, na nuna wa Kawu ina jiran yabo. Ya duba, ya ce, "To, sannu da ƙoƙari," ya mayar da littafin inda yake.

Ana haka aka shiga wahalar canjin kuɗi. A watan Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya ya ba da sanarwar sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Mutane suka kwashi tsofaffin kuɗi suka kai banki, sababbin kuma suka yi wuyar gani. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya bukatar a ba shi labari: layi a bakin ATM tun Asuba, masu POS suna sayar maka da kuɗinka, tiransifa ta maƙale a hanya kwana da kwanaki. A kasuwar Singa, inda muke saro kaya, wasu diloli suka ce sai tsaba. Sai Kawu ya ce da ni, "A ɗan rage ba da bashi har mu ga yadda hali zai yi." Ni kuwa na riƙe wannan magana kamar doka.

Wata Talata da yamma, Kawu ya tafi ta'aziyya, sai ga Malamin firamaren nan na cikin littafi. Dattijo ne, sa'an mahaifina, kullum da hula zanna da biro a aljihun gaba. Ya yi sallama, ya tambayi Kawu, ya tambayi karatu, ya tambayi mutanen gida. Ya koma gefe ya tsaya yana duban kwalayen taliya kamar mai neman wani abu. A kan bencin ƙofar shago akwai mutum huɗu suna musun zaɓen da ke tafe. Can dai ya matso ya ce a hankali, "Ɗan auna mini shinkafa kwano ɗaya, a rubuta."

Na jawo littafi, na buɗe shafinsa, na karanto da irin muryar da nake amsa tambaya a aji: "Malam, ai akwai dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu a kanka tun watan jiya. Kuma Kawu ya ce a rage ba da bashi."

Musun benci ya tsaya cak. Malam ya ɗan yi murmushi, ya gyara hularsa, ya ce, "To, babu laifi, yaro. Ka gaida Kawun naka." Ya tafi. Wallahi a lokacin ji nake na yi aiki.

Ko awa ɗaya ba a yi ba wata mota ta tsaya. Mutum ya fito cikin shadda mai maiƙo, yana kaɗa makulli, yana waya. Ya ce kwalin taliya, madarar gari, gwangwanayen tumatir, sabulu. Kaya suka tashi naira dubu goma sha takwas. Ya ce tiransifa zai yi, na karanta masa lambar asusu, ya danna-danna ya juyo mini da fuskar wayarsa: ga sunan Kawu, ga adadi, ga koren maki. Na duba wayar shago, shiru. Ya ce, "Ka san halin netiwok kwanan nan, ƙanena. Zai shigo." Gaskiya ne kuma, a kwanakin alat yakan yi jinkiri. Da hannuna na loda masa kayan a but, har da "Allah ya kiyaye hanya, Alhaji." Har yau kuɗin nan suna hanya.

Da Kawu ya dawo, mai shayin da ke gefenmu ya riga ni ba shi labarin farko, ni kuma na ba shi na biyu ina rawar murya. Na zaci a kan dubu goma sha takwas zai yi faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, daga yau abin da wayar wani ta nuna ba kuɗi ba ne, sai mun ga shigarsu a tamu, mun duba abin da ke asusu. Daga nan ya yi shiru har aka kira Isha'i. Bayan an idar ya ce in auna shinkafa kwano biyu, in haɗa da kwalbar mai da Maggi, in sa a baƙar leda. "Ka kai gidan Malam. Kada ka ba yaro, ka yi sallama da shi ya fito soro. Ka ce na ce ya yi mantuwar kayansa. Sauran maganar kuma kai ka san ta."

Ban taɓa jin nauyin tafiya irin wannan ba, alhali gida shida ne tsakani. Malam ya fito da tocila. Na durƙusa na faɗi saƙo, na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya daɗe bai karɓi ledar ba. Sannan ya ce, "Tashi, tashi. Ai ba ƙarya ka yi ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari a cikin Adaidaita Sahu, a hanyar Singa, Kawu ya yi maganar da bai yi da dare ba. "Wanda muka sani shekara goma sha huɗu ka hana shi kwano ɗaya. Wanda ba ka taɓa gani ba ka loda masa mota. Me ka duba?" Ban amsa ba, don amsar shadda ce da makullin mota. Ya ce albashin Malam yana banki, fitar da shi ne ya gagara, kuma tun da yake bai taɓa haura wata biyu bai biya ba. Ya ce, "Cewa na yi a rage bashi, ban ce a tona asiri ba. In ka ga magidanci ya tsawaita gaisuwa, ya koma gefe yana jiran mutane su watse, to ya riga ya gaya maka abin da ya kawo shi. Kai za ka zagayo ka same shi. Kada ka bari ya faɗa sau biyu." A nan na gane dalilin "mai jan ƙofa" da "gidan mai ɗinki": ko littafin ya faɗa hannun wani, ba zai tashi da sunan kowa ba. Rubutawar kuwa ba ya wasa da ita, yakan ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Kada a ɗauka Kawu kowa yake ba. Akwai waɗanda yake hanawa, amma sai ya fito ya raka mutum 'yan taku, su yi maganarsu a can, ya dawo, ba wanda ya san me aka ce. Ni dai har gobe ina ganin sassaucinsa ya yi yawa. Akwai shafuka a littafin nan da masu su suka bar unguwa, kuma shagon da za a ce ya zama biyu yanzu har yau ƙofarsa ɗaya. Mun sha yin wannan musu da shi. Yakan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, shi ma akwai littafin da sunansa ke ciki a Singa.

Lissafin nawa ma ya yi rana daga baya. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, farashin sari ya riƙa sauyawa kusan kowane mako. Ni na nuna wa Kawu a rubuce cewa in muka ci gaba da sayarwa a kan farashin da muka saro, kuɗin kwali goma ba za su sake sayo kwali goma ba, uwar kuɗi muke ci muna kiranta riba. Ya saurara, ya yarda, ya bar mini rubuta farashi. Littafin bashi dai sai da na shekara kafin ya bar ni in buɗe sabon shafi da kaina.

Amma in koma kan Malam. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki, a hankali tsaba ta fara dawowa hannun mutane. Ana saura kwana biyu a ɗauki azumi ya zo, da hantsi, ranar babu makaranta, babu kowa a benci. Tun daga ranar da na karanto masa bashinsa bai sake tako shagon ina ciki ba sai wannan karon. Ya zaro tsofaffin 'yan dubu-dubu daga aljihu, ya ƙirga a kan kanta, har da kuɗin kwano biyun da na kai masa. Na danne su da gwangwani, na ba shi canjinsa, na ja layi a shafin yana kallo.

Bai tafi ba. Ya tambayi jarrabawa, ya tambayi Umma, ya juya yana duban buhun sukari. Wata yarinya ta shigo sayen gishiri, na sallame ta. Da ta fita na zagayo ta bayan kanta na tsaya kusa da shi, na ce, "Baba, sukarin azumi kwano nawa za a kai gida?"

Ya ce, "Ɗaya ma ya isa."

Na auna, na ɗaure, na jira sai da ya sha kwana sannan na jawo littafin.